Anka, Bukkuyum ko Gummi: Abin da matashi zai auna kafin ya koma ƙaramin gari da zama

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin haya da na mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, har matasa da yawa suka koma sake lissafin rayuwarsu. Wanda ya gama karatu bai samu aiki ba, da ƙaramin ma'aikacin da albashinsa kan ƙare kafin tsakiyar wata, da yaron shagon da ubangidansa ya sallame shi da ɗan jari, duk sukan kai ga tambaya guda: shin ba gara mutum ya koma ƙaramin gari ba, inda ɗaki ke da araha, hatsi kuma ke kusa da gona? Akwai kuma waɗanda ba su ne suka zaɓa ba, takardar canjin wurin aiki ce ta iske su.

A yammacin Jihar Zamfara, garuruwa uku da ake yawan ambata idan wannan magana ta taso su ne Anka da Bukkuyum da Gummi. Dukansu hedikwatar ƙananan hukumomi ne, dukansu suna da sarakunan yanka, kuma dukansu suna cikin yanki mai albarkar noma da ma'adinai wanda ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A irin wannan wuri arahar ɗaki ce abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Abubuwan da ke yanke hukunci su ne hanyar da ke shiga garin, da sana'ar da za ta ciyar da mutum, da kuma wanda zai tsaya masa idan ya isa.

Inda garuruwan suke

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoban 1996, tana da ƙananan hukumomi 14. Shida daga ciki ne suka haɗu suka zama mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma: Anka da Bakura da Bukkuyum da Gummi da Maradun da Talata Mafara. A Majalisar Wakilai ta Tarayya, Anka na tare da Talata Mafara, Gummi kuma na tare da Bukkuyum.

Garuruwan uku suna jere ne daga gabas zuwa yamma a ƙasar da Gulbin Zamfara ke ratsawa kafin ya shiga Jihar Kebbi. Anka ce ta fi kusa da Gusau, Bukkuyum na tsakiya, Gummi na can ƙarshen yamma, inda jihar ta yi iyaka da Sakkwato da Kebbi. Idan aka auna a taswira, Gummi ta fi kusa da birnin Sakkwato a kan Gusau, kuma wannan yana tasiri a kan inda mutanenta ke sarin kaya da neman magani da karatu.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Anka na da mutum dubu 140 da ɗoriya, Bukkuyum da Gummi kuma kowacce ta haura dubu 200. Waɗannan alƙaluma na ƙananan hukumomin ne gaba ɗaya har da ƙauyukansu, kuma sun tsufa. Haihuwa ta ƙara yawan jama'a, gudun hijira kuma ya kwaso mutanen ƙauye ya zuba su cikin manyan garuruwan.

Damina kan kankama ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, sanyin hunturu ya biyo daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara, wanda a Afrilu kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas.

Tarihi da sarauta

Mai niyyar zama a waɗannan garuruwa zai amfana da sanin cewa sun girmi jihar da suke ciki nesa ba kusa ba. Zamfara tsohuwar daula ce ta Hausa. A wajen shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa a yankin. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta sauya mazauni har ya tabbata a Anka a ƙarni na 19. Shi ya sa ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka, kuma shi ne ke shugabantar majalisar sarakunan jihar. Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad ya daɗe a wannan matsayi. A Gummi ana kiran sarki Sarkin Mafaran Gummi, sarautar da Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya hau a 2013 bayan ya bar kujerar Babban Alƙalin Babbar Kotun Birnin Tarayya. Sarautar Bukkuyum kuwa ita ce Sarkin Danko.

Amfanin wannan bayani ga baƙo a bayyane yake. A ƙaramin gari na wannan yanki, maganar fili da gona da sulhu da karɓar baƙo duk kan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin ta kai ofis. Wanda ya raina wannan tsari zai sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Zamanin Turawa ya karkatar da ciniki zuwa gabas. Layin dogo da ya ratsa Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka bi shi, yammacin Zamfara kuma ya ci gaba da dogara da hanyar mota. Har yau haka abin yake.

Hanya da tsaro

Daga Gusau, matafiyi kan bi babbar hanyar Sakkwato, ya ratse a Mayanci ya nufi Anka. Daga Anka hanyar kan wuce ta Nasarawar Burkullu da ke ƙasar Bukkuyum, ta kai Ɗaki Takwas, ta shiga Gummi. A Ɗaki Takwas ne hanyar Zuru ta Jihar Kebbi ke rabuwa. Akwai kuma hanyar da ta haɗa Anka da Talata Mafara. Duk kayan da ke shiga shagunan garuruwan nan, da duk buhun hatsin da ke fita, da duk mara lafiyar da ake garzayawa da shi babban asibiti, ta waɗannan 'yan hanyoyi suke bi.

Matsalar tsaro a yankin ba ɓoyayya ba ce. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara mai maƙwabtaka da Anka. Daga 4 zuwa 6 ga Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin sun ce an kashe mutum kusan 200, gwamnatin jihar ta ce 58 ne. Tare hanya da satar mutane don kuɗin fansa da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi sun zama abin da kowa ya sani.

Abin da baƙo ya kamata ya fahimta shi ne haɗarin bai rabu daidai ba. Cikin hedikwatar ƙaramar hukuma, inda akwai jami'an tsaro da yawan jama'a, ya fi ƙauyuka da gonakin nesa da tsakiyar hanya kwanciyar hankali, ko da yake unguwannin bakin gari ba su tsira gaba ɗaya ba. Shi ya sa mutanen ƙauye ke gudowa cikin gari. A Anka, dubban 'yan gudun hijira sun fake a wurare daban-daban, har da filin ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. Ke nan mutum biyu na iya zama a unguwa ɗaya amma haɗarin da ke kansu ya bambanta: telan da ke ɗinki a cikin kasuwa daban, mai bin kasuwannin ƙauye sau uku a mako daban.

Matakan da gwamnati ke ɗauka su ma kan taɓa aljihu. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni. Masu sana'ar POS da sayar da kati da tura kuɗi ta waya sun wayi gari ba aiki. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara don taimaka wa jami'an tsaro. Halin da ake ciki kan sauya daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya isa hujja. Direbobin tasha da ke bin hanyar kullum sun fi kowa sanin sa'o'in da ake wucewa da wuraren da ake taka-tsantsan, kuma ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce ba a tafiyar sassafe ƙwarai, ba a tafiyar yamma lis.

Abin da zai ciyar da mutum

Ma'aikacin gwamnati shi ne ya fi kowa cin ribar ƙaramin gari, domin albashinsa ba ya raguwa amma hayarsa da kuɗin motarsa na raguwa. Guraben da aka saba samu su ne koyarwa, aikin asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma, kotu, aikin gona da na tsaro. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ya tantance tun kafin ya karɓi takarda. Na farko, a ina ainihin wurin aikin yake? Sunan Anka ko Bukkuyum a takarda na iya nufin makaranta ko ɗakin shan magani da ke cikin daji mai nisa da hedikwata. Na biyu, sau nawa aikin zai riƙa kiransa Gusau? Idan kowane mako ne, abin da ya rage a haya zai tafi a mota, ga kuma haɗarin hanya. A kuma tambayi abokan aiki na can nawa ake biya a hannu, domin dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba lokaci ɗaya ta isa kowane mataki na gwamnati ba.

Ga ɗan kasuwa, ginshiƙin yankin hatsi ne da dabbobi: gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, sai shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara. Gummi ta yi suna da noman fadama da kamun kifi da cinikin ƙwarya, kuma ta fi sauran biyun hada-hada saboda tana kallon jihohi uku. Tsohuwar dabarar sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara na nan, amma tana buƙatar ɗakin ajiya mai kyau da sanin maganin ƙwari, kuma farashi ba kullum yake tashi yadda ake zato ba. Wanda ya zuba jarinsa duka a hatsi iri ɗaya ya ɗaure kansa.

Kuɗi a irin waɗannan garuruwa na da lokaci. Suna yawo bayan girbi da gabanin Sallah, su ja baya a tsakiyar damina lokacin da manomi ya zuba komai a gona. Bashi kuma ya fi yawa, domin mai saye maƙwabci ne ko ɗan uwan mai masauki. Mai shagon da ba shi da littafin bashi da iyakar da ba ya wucewa, jarinsa zai narke cikin shekara guda.

Mai sana'ar hannu na da dama mai kyau idan ya zo da abin da babu. Gyaran waya, haɗa sola da gyaranta, gyaran babur da injin ban ruwa, walda, aikin gwaje-gwajen asibiti ga mai takardar shaida, da shagon kwamfuta mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, duk ayyuka ne da ake yi a cikin gari ba tare da bin daji ba. Kafin a yanke shawara, a zaga kasuwa a ƙirga masu irin sana'ar, a kuma tambayi inda suke sayo kayan gyara da yawan kwanakin da saƙo ke ɗauka kafin ya iso.

Noma shi ne abin da ya fi jan hankalin matashin birni, kuma shi ne ya fi buƙatar hattara. Gonar da ke kusa da gari ta yi tsada saboda kowa ita yake nema. Gonar da aka bayar da araha a nesa, sau da yawa akwai dalilin da ya sa mai ita ya bar ta.

Zinare da gubar dalma

Ba a maganar Anka da Bukkuyum a tsallake zinare. Ƙasar na da shi, kuma labarin waɗanda suka samu kan ja samari daga jihohi da ƙasashe maƙwabta. Amma duwatsun da ke ɗauke da zinaren a wannan yanki suna ɗauke da dalma mai yawa. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na Gari Na Kowa, ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka. Dalilin shi ne ana kawo duwatsun cikin gidaje ana dakawa, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Fiye da yara 400 ne suka rasu. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa a ƙauyukan, aikin Bagega kuma sai a 2013 aka yi shi bayan dogon kiraye-kiraye. MSF ta shafe shekaru tana jinyar yaran, ta miƙa shirin ga hukumomin jihar a 2022.

Dalma ba ta ruɓewa, kuma masana lafiya sun tabbatar babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana jawo jijjiga, tana shafar mai ciki da abin da ke cikinta. Saboda haka duk mai neman gida a yankin, musamman mai ƙananan yara ko sabon aure, ya tambaya ko an taɓa daka dutse ko wanke shi a gidan ko kusa da rijiyarsa. Wanda ke aiki a wurin haƙa kada ya shiga gida da tufafin aiki da takalmansa.

Ta fuskar doka, ma'adinai mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi. A Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda alaƙarta da matsalar tsaro, ba a ɗage haramcin ba sai a Disamban 2024. Ɗagewar ba ta halatta haƙa ba tare da izini ba. Ramukan kuma suna cikin daji, inda ruftawar ƙasa da 'yan bindiga ke jiran ma'aikaci. Matashin da zinare ne kaɗai dalilin zuwansa ya sake tunani.

Asibiti, ruwa da wuta

Kowanne daga garuruwan uku na da babban asibitin gwamnati, kuma MSF ta yi aikin kula da yara a asibitocin Anka da Gummi. Amma ciwon da ke buƙatar ƙwararren likita ko babban aikin tiyata sai an dangana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A nan ma maganar ta koma kan hanya: naƙudar da ta zo da gardama da tsakar dare ba ta jiran gari ya waye. Mai ciwon sikila ko suga ko asma, da mai matar da ta taɓa haihuwa ta hanyar tiyata, su sa wannan a gaban lissafinsu. Zazzaɓin cizon sauro kan yi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, kwalara kuma kan ɓulla inda ruwan sha ya gurɓata.

Ruwa a mafi yawan unguwanni daga rijiya da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa yake zuwa, kuma farashinsa kan hau da bazara. Wutar lantarki a Zamfara na hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato ma. Garuruwan da ke ƙarshen layi kan daɗe ba wuta idan turaku suka faɗi, saboda gyara a cikin daji ba ya sauri. Duk sana'ar da ke buƙatar wuta, a sa kuɗin sola ko janareta cikin jarin farko.

Gummi na da nata ƙarin abin lura. Gulbin da ke ba ta shinkafa da kifi shi ne ke kawo mata ambaliya. A Agustan 2024 ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin ya raba dubban mutane da muhallinsu, a Satumban shekarar kuma wani kwalekwale ɗauke da manoma ya kife, gomman mutane suka rasu. Mai neman haya ko fili a Gummi ya tambayi inda ruwan 2024 ya tsaya, ya duba alamarsa a jikin bango.

Karatu

Matashi kan so ya ƙaro ilimi yana aiki. Manyan makarantun jihar ba sa cikin garuruwan nan uku. Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau suna Talata Mafara, Kwalejin Ilimi ta jiha na Maru, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 na Gusau, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya kuma na Ƙauran Namoda. Ta wannan fuska Anka ta fi sauran sauƙi saboda kusancinta da Talata Mafara, mazaunin Gummi kuma ya fi karkata Sakkwato. A matakin sakandare, Anka na da Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Makarantun allo da na Islamiyya da zaurukan malamai kuwa akwai su a ko'ina.

Masauki, haya da fili

Hausawa na cewa da ɗan gari kan ci gari. A yankin da ake zargin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, baƙon da ba a san asalinsa ba abin tuhuma ne, kuma tuhuma a irin wannan yanayi na iya kai mutum ga halaka. Don haka mai masauki ya fi kuɗin haya muhimmanci. Ya kasance mutum sananne: abokin aiki, ko ɗan kasuwar da aka daɗe ana hulɗa da shi, ko malami, ko dangi. Shi zai kai baƙo gaban mai unguwa ya gabatar da shi da sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa da takardar wurin aiki a kusa.

Saurayi mara aure kan samu shago, wato ɗakin da ke ƙofar gida, domin masu gida ba su cika son sa gwauro a cikin gidan iyali ba. Budurwar da aka turo aikin jinya ko koyarwa ta fi samun natsuwa a gidajen ma'aikata idan akwai, ko a gidan dattijon da wurin aikinta ya sani. A zaɓi tsakiyar gari ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, a bar sabon gini mai faɗi da ke bakin gari. A rubuta yarjejeniyar haya da shaidu, ko da mai gidan ya ce ba sai an rubuta ba.

Sayen fili kada ya zo a shekarar farko. Idan lokacin ya yi, a tuna Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Takardar dillali kaɗai ba ta wadatar ba. A nemi shaidar mai unguwa da hakimi da maƙwabtan iyaka, a tabbatar filin ba gadon da ba a raba ba ne.

Zama da mutane

Zamfara ce jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, wanda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya shelanta a Oktoban 1999, ya fara aiki a Janairun 2000. Akwai kotunan shari'a da Hukumar Hisba, kuma al'adar garuruwan ta kunya ce da suturta jiki. Mafi yawan jama'a Hausawa ne da Fulani, sai Dakarkari ta wajen iyakar Zuru, da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan.

Hausar yankin ta yamma ce, 'yar uwar Sakkwatanci. Bakano zai ji ana cewa "wanga" da "wagga" a madadin "wannan", "tahi" a madadin "tafi", "ɗiya" a madadin "'ya'ya". Kwana kaɗan kunne ke sabawa, kuma ba abin dariya ba ne a gaban masu shi. A ƙaramin gari ana lura da wanda ke zuwa jana'iza da suna da ɗaurin aure, da wanda ke tsayawa gaisuwa. Ana kuma lura da mai nuna kuɗi. Sabuwar mota da yawan maganar ciniki a majalisa da sanar da ranar tafiya duk abubuwa ne da masu hankali a yankin suka daina.

Wane gari ya dace da wa

Anka ta fi dacewa da ma'aikacin da aikinsa ke cikin gari kuma yake buƙatar zuwa Gusau ko Talata Mafara lokaci-lokaci, da ma'aikacin lafiya ko na ƙungiyoyin agaji. Nauyinta shi ne cunkoson 'yan gudun hijira a kan ruwa da gidaje, da kusancinta da dazuzzukan haƙar zinare.

Gummi ta fi dacewa da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, musamman wanda ke da alaƙa da Sakkwato ko Kebbi. Nauyinta nisa daga Gusau ga mai harka da ma'aikatun jiha, da kuma ambaliya.

Bukkuyum ƙasar noma ce sosai, hada-hadar cinikinta kuma ta rabu tsakanin hedikwatar da Nasarawar Burkullu. Ta fi dacewa da wanda ke da dangi ko tsohuwar hulɗa a can, ko wanda aikin gwamnati ya kai shi. Ga baƙon da bai san kowa ba, ita ce ta fi wuyar farawa.

Yadda ake komawa

Gani ya kori ji. A fara da ziyara sau biyu, ɗaya da rani ɗaya da tsakiyar damina, a kwana aƙalla mako guda kowane zuwa, a ga ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. A rubuta lissafin wata guda na gaskiya: haya, ruwa, caji ko man janareta, abinci, da kuɗin mota zuwa gida sau nawa a shekara. A kwatanta shi da na birnin da ake son bari.

Idan lissafin ya yi, a kama haya ta wata shida ko shekara, a shiga da rabin jari, a bar rabi a banki. A riƙe layin waya na kamfani biyu da ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da sabis zai ɗauke. Mai iyali ya fara zuwa shi kaɗai, ya ga damina ɗaya ta wuce kafin ya ɗauko su. Kada a saki ɗaki ko rumfar da ake da ita a birni sai sabon wurin ya fara ciyar da kansa. Tun kafin a tashi kuma a yanke abin da idan ya faru za a dawo, kamar rufe hanya na tsawon makonni, ko kai hari cikin unguwa, ko cinye kashi ɗaya bisa uku na jari ba riba, a kuma gaya wa iyaye ko wani babba wannan sharaɗi domin ya tuna wa mutum idan lokacin ya zo.